Keychron V1 Max bayan wata bakwai a kan teburina

Kibod ɗin da na fara saya marar kebul, kwalliyarsa ce ta ja ni. Ɗan ƙarami ne, irin wanda ake kira 60%, fitilu ja da kore da shuɗi suna zagaye kamar motar amarya, an rubuta a kwalinsa cewa na 'yan gem ne. Ban yi mako biyu da shi ba na gane na sayi wahala da kuɗina. Babu kibiyoyin sama da ƙasa, babu layin F1 zuwa F12, sai ka danne Fn sannan ka lalubo su. Ni kuwa abincina rubuta manhaja ne. A VS Code, manhajar da nake aikin a cikinta, F5 nake dannawa in gwada abin da na rubuta, F12 ke kai ni inda aka bayyana wani aiki, ga alamar nan ta ` da yaren rubuta manhaja na JavaScript ke nema kullum, wadda a wancan kibod ɗin aka cusa ta wuri ɗaya da Esc. Ga shi da Bluetooth kaɗai yake magana da kwamfuta. Ƙanena na bai wa, yana ta murna, ni ma ina murnar rabuwa da shi.

Wanda ya maye gurbinsa shi ne Keychron V1 Max. Wani abokin aikina ya taho mini da shi daga tafiya, kuɗinsa a lokacin yana kusa da dala 100. Tsarinsa 75% ne, wato an yanke ɓangaren lambobi na dama, amma an bar layin F, an bar kibiyoyi, an bar Delete da Page Up da Page Down, ga kuma ɗan murfi a kusurwar sama da ake murzawa don ƙara sauti ko ragewa. Yanke lambobin nan ya ba linzamina fili, abin da mai buga gem ɗin harbi ya san darajarsa. Amma wanda aikinsa lissafi ne a Excel daga safe har la'asar, kada ya bi ni, ya nemi mai cikakken jiki.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali ƙaramin abu ne da ba na jin masu sayarwa suna ambatonsa: akwai Alt na dama a gefen sandar tazara. Ina rubutun Hausa da yawa, kuma a tsarin Hausa da ke cikin Windows, da wannan Alt ɗin ake fitar da haruffa masu lanƙwasa. Ka danne shi da k ka sami ƙ, da d ka sami ɗ, da b ka sami ɓ. Duk mai rubuta Hausa da zai sayi ƙaramin kibod, ya fara kallon hoton layin ƙasa tukuna, don a nan ake yawan rage maɓallai in an matse wuri.

Hanya uku yake haɗuwa da na'ura, kuma da ɗan makunni a bayansa ake zaɓa: kebul na USB-C, Bluetooth, ko ɗan dongul na 2.4 GHz da ake soka wa kwamfuta. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ta dongul ko kebul, kibod ɗin yana kai wa kwamfuta rahoto sau 1000 a daƙiƙa ɗaya. Ta Bluetooth kuwa adadin bai kai ko kusa da haka ba. In kana rubuta wasiƙa ba za ka taɓa lura ba. In kana gem ɗin harbi na Counter-Strike 2, kana son ka tsaya cak kafin ka harba, yatsunka za su gaya maka. Don haka rabon da na yi shi ne, babbar kwamfutar gida tana kan dongul, laftof ɗin aiki da wayata suna kan Bluetooth, wanda yake riƙe na'ura har uku, Fn da 1 ko 2 ko 3 ke sauya su.

Sai dai in faɗi gaskiya, a nan Kano ba kibod ne ke kashe ni a gem ba. Sabar da nake shiga tana Turai, jinkirin intanet ɗina yakan haura milisakan 100, wani dare ma ya yi ta hawa da sauka kamar farashin tumatir. Wanda zai ƙara kuɗi masu yawa don a ce masa wani kibod yana rahoto sau 8000 a daƙiƙa, gara ya zuba kuɗin a data mai kyau.

Na taɓa zarginsa da laifin da ba nasa ba. A makon farko harafi yakan ɓace jefi-jefi, har na fara cizon yatsa. Ashe na soka dongul ɗin a bayan kwamfuta, manne da wani faifan ajiya da ke kafar USB 3.0, ga rauta kuma a gefe. Sanannen abu ne cewa USB 3.0 yana fitar da hayaniyar da ke dagula zangon 2.4 GHz. Da na dawo da shi kafar gaba, kusa da kibod ɗin, shi ke nan, ban sake gani ba.

Maganar abubuwan da ke ƙarƙashin maɓallai, waɗanda da launi ake bambanta irinsu, masu ruwan ƙasa na zaɓa, waɗanda ke da ɗan tudu a tsakiyar dannawa, yatsa ya ji cewa harafi ya shiga. Jajaye santsi ne har ƙasa, 'yan gem sun fi son su, amma ni in na ɗora yatsu a kansu ina tunani sai in ga jjjj ta cika layi. Duk da haka kibod ɗin yana da sauti. Daren farko uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, keken ɗinki ka sayo ne?" Yanzu in dare ya yi ina shimfiɗa masa ɗan tabarmar tebur mai kauri, sautin yana raguwa. Kuma ana zare abubuwan nan na ƙarƙashin maɓallan ba tare da an kai wa mai gyara ya narka dalma ba, da ɗan ƙarfen da ke zuwa a kwali. Ƙarfen nan ya yi mini rana da hunturu, lokacin da ƙurar harmatan ta shiga ko'ina. Na cire hulunan maɓallan duka, na wanke su da ruwan sabulu, na busa cikin, na mayar.

Ana iya sauya aikin kowane maɓalli ta wata manhaja mai suna VIA, a cikin birauza, kuma saitin yana zama a jikin kibod ɗin, ba a kwamfuta ba. Na mayar da Caps Lock ya zama Ctrl, ƙaramin yatsana ya huta. Ko wace na'ura na haɗa shi da ita, haka yake zuwa.

Batirinsa 4000 mAh ne. Da fitila a kashe ina yin makonni ban tuna da caji ba, da fitila a kunne kuwa 'yan kwanaki ne. Na kashe ta gaba ɗaya, don haske ba ya ratsa rubutun da ke kan hulunan, daga gefensu yake fitowa. In an ɗauke wuta da daddare, fitilar ado ce kawai, ba za ta nuna maka inda alamar tambaya take ba. Yana kuma da tsayi, sai da na sa kafinta ya yanko mini ɗan katako na ɗora wuyan hannu.

Shekaranjiya ƙanena ya zo ya zauna a kujerata, ya buga zagaye biyu, ya juyo ya ce, "Yaya, mu yi musaya mana, nawa ya fi fitila." Na miƙa masa linzami ya ƙara zagaye ɗaya, na ce in ya gama ya mayar mini da makunnin kan Bluetooth, gobe da aiki.