Ɗaukewar numfashi cikin barci ga mai raunin zuciya: ta maƙogwaro ce ko ta ƙwaƙwalwa?

Wata Hajiya daga Garwa ta tambaya: maigidanta shekararsa 64, likita ya ce zuciyarsa ta raunana, yana shan Lasilix, maganin fitar da ruwa daga jiki, kuma cikin dare numfashinsa kan ɗauke har sai ta girgiza shi. Minshari ne kawai, ko ciwon ne?

Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya. Kada ki ɗauke shi a matsayin minshari kawai. Kusan rabin masu raunin zuciya suna fama da wannan, maza sun fi yawa, kuma iri biyu ne da maganinsu ya sha bamban.

Ƙirjinsa ne zai raba miki su. Idan shirun ya zo, ki haska ki duba. In ƙirji da ciki suna ta kokawa amma iska ba ta shiga, can sai ya yi gurnani ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe, to maƙogwaro ne ya toshe. In kuwa ƙirjin ya kwanta tsit, babu ko yunƙuri, sannan numfashin ya dawo a hankali, ya yi ta ƙaruwa har ya kai haki, ya sake lafawa ya ɗauke, to ƙwaƙwalwa ce ta daina ba da umarni. Likitoci na kiran wannan Cheyne-Stokes, kuma zagaye ɗaya kan ɗauki minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Na maƙogwaro ya fi kama mai ƙiba da kaurin wuya. Amma mai raunin zuciya, ko siriri ne bai tsira ba: ruwan da ya wuni a ƙafafunsa, da ya kwanta sai ya gangaro wuya ya matse hanyar iska. Duk yunƙurin da ya yi a kan toshiyar, jini na hawa, zuciyar da ta riga ta gaji tana shan ƙarin wahala.

Na ƙwaƙwalwa kuwa daga ciwon zuciyar kansa yake fitowa. Ruwa ya taru a huhu, mutum ya yi ta numfashi da sauri har iskar kabon da ke jininsa ta yi ƙasa sosai, sai ƙwaƙwalwa ta dakatar da numfashi. Jini kuma ba ya gudu da sauri, saƙon gyara yakan iso a makare. Namiji da ya haura 60, musamman mai bugun zuciya marar tsari, shi ya fi shiga haɗarin. Sau da yawa ba ya ma minshari sosai, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba.

Ki ɗauki bidiyonsa da waya na minti 5, ƙirji a buɗe, ki ƙirga daƙiƙun shirun, ki kai wa likitan zuciya. Daga daƙiƙa 10 ake lissafa shi ɗaukewar numfashi. A gwajin barci, sau 15 a awa ɗaya matsakaici ne, 30 kuwa mai tsanani. Mutum ɗaya na iya haɗa duka biyun, na maƙogwaro da na ƙwaƙwalwa.

Ga toshiyar maƙogwaro: na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, rage ƙiba, da kwanciya ta gefe maimakon rigingine. Na'urar tana buƙatar wuta duk dare, don haka a tanadi batir. Ga na ƙwaƙwalwa, zuciyar ake fara gyarawa: likita ya daidaita magunguna, a rage gishiri da magi da kilishi, a riƙa hawa sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a koma asibiti. Akwai wata na'urar numfashi, ASV, da binciken SERVE-HF na 2015 ya nuna ta ƙara mace-mace ga masu ɗaukewar ta ƙwaƙwalwa waɗanda ƙarfin turin zuciyarsu a hoton zuciya na eko bai wuce kashi 45 cikin ɗari ba. Don Allah kada ɗa ko ƙane ya aiko da na'ura daga waje a ɗaura masa ba gwaji.

Tramol da ƙwayar barci irin diyazefam suna tsananta matsalar, kada a ba shi don ya samu barci. Idan ya farka yana haki, ya zauna bai lafa ba, ko leɓensa ya canza launi, a tafi asibiti a daren, kada a jira asuba.