Wata bakwai da sabuwar laftof a zafin Katsina

Sana'ata haɗa bidiyon biki da walima, a wani ɗan shago da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Na daɗe ina aiki da laftof mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-8250U ta kamfanin Intel, zubi na 8, mai ƙwaya 4, wato sassan da ke raba aiki a cikin furosesa. Da damina ta wuce sai na haɗa 'yan kuɗina na sayi mai i5-1235U, zubi na 12 wanda Intel ta fitar a 2022.

Maganar sauri babu gardama. Wannan furosesa ƙwaya 10 gare ta: 2 manya masu ɗaukar aiki mai nauyi, 8 ƙanana masu tsimin wuta. Bidiyon kamu da a da nake barin tsohuwar tana nuƙu-nuƙu da shi har in je Azahar in dawo, yanzu kafin in gama alwala ya yi nisa. Batir ma ya fi jurewa idan rubutu ne ko shiga intanet. Duk lokacin hunturu ban ga aibinta ba, har ina yi wa abokan sana'a talla.

Bazara ce ta nuna mini halinta. Da Afrilu ta kama, zafin gari ya haura digiri 40, ga kwano a saman shagon. Ina fara fitar da bidiyo sai fanka ta ɗauki kuka, gefen madannai na hagu ya yi zafin da ba ka iya barin tafin hannu a kai. Na sa manhajar auna zafi, na ga lambar tana hawa har ta wuce 90. Daga nan aikin ya fara ja da baya, domin iyakar zafin furosesar digiri 100 ne, idan ta kusa kaiwa da kanta take rage gudu don kada ta lalace.

Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin gumina ne. Na kai wa mai gyara, ya kwance bayanta a gabana. Fanka ɗaya ce 'yar ƙarama, da siririn bututun jan ƙarfe guda, ƙurar hunturu kuma ta toshe ragar iska kamar an liƙa auduga. Ya ce, "Maigida, furosesar ba ta da laifi. A takarda wat 15 take ci, amma idan ta zabura tana iya jan har 55. Wanda ya ƙera jikin ne bai yi mata mafitar zafi ba." Nan na gane inda na yi sake: lambar zubi na duba ranar saye, ban ko juya bayanta na ga ramukan iska ba.

Ya hure ƙurar, ya sake mata man sanyaya furosesa. Ni kuma na sa katako biyu na ɗaga bayanta, na rage iyakar ƙarfin furosesa zuwa kashi 99 cikin ɗari a saitin wuta na Windows, wanda ke hana ta wannan zaburar. Gudun ya ɗan ragu, amma ba ya yankewa a tsakiyar aiki, kukan fanka ma ya lafa.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin ofis, zan ce ya saya hankali kwance. Mai aikin bidiyo irina ya nemi mai kaurin jiki da fanka biyu, ko da za ta yi nauyi a jaka. Ni dai manyan ayyuka na mayar da su bayan Asuba, kafin kwanon ya ɗauki rana.