Gargaɗi: masu cewa ka saka baƙo a katin bashinka za su biya ka

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da Telegram. Ta ci ƙanina kafin mu farga, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Da ladabi suke zuwa. Za su ce aikinsu taimaka wa masu neman gyara tarihinsu na biyan bashi, kuma abin da suke so kawai ka saka sunan wani kwastomansu a katinka a matsayin wanda ka ba izinin amfani da shi, su riƙa biyanka duk wata. Har rantsuwa suke yi cewa mutumin ba zai taɓa kashe ko sisi ba, suna ne kawai. Abin da ya sa maganar ke shiga kunne shi ne, a Amurka bankuna da yawa kan tura tarihin kati zuwa rajistar bashin wanda aka saka a ciki, wato inda ake rubuta tarihinsa na biyan bashi. A kan wannan gaskiyar suka ɗora ƙaryarsu.

Abin da suke ɓoyewa shi ne, wanda ka saka zai iya kashe kuɗi da katin, amma bashin a wuyanka yake. Kai ka sa hannu a yarjejeniya da banki, shi bai sa ba.

Ku duba yadda biya da kati ke tafiya. Da zarar an goga kati ko an rubuta lambarsa a intanet, buƙatar za ta tashi daga bankin mai sayarwa, ta bi ta Visa ko Mastercard, ta isa bankin da ya ba da katin. Shi kuma zai duba: katin na aiki? Wa'adinsa bai ƙare ba? Akwai saura a cikin iyakar bashin? Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya amsa, ya riƙe kuɗin, daga baya a biya mai kaya. Duk cikin tafiyar nan babu inda ake tambayar alkawarin da kuka ƙulla da wani a waya.

Ƙanina ya saka sunan. Sai suka ce ya turo hoton katin gaba da baya, wai don tantancewa. Kenan lambobi 16 na gaba, da ranar ƙarewa, da lambobi 3 na baya duk sun shiga hannunsu. Da yamma suka kira shi: "Yallaɓai, banki zai turo maka lamba yanzu, karanto mana mu kammala rajista." Na ga saƙon da idona daga baya, a ƙasansa an rubuta ƙarara kada a faɗa wa kowa. Bai karanta har ƙasa ba. Da lambar nan suka ɗora katin a manhajar biyan kuɗi ta wayarsu, kafin gari ya waye sun kai shi iyaka.

Ina zaune kusa da shi lokacin da ya kira banki, muryarsa na rawa. Ma'aikaciyar ta yi masa tambaya biyu: "Kai ka saka mutumin? Kai ka bayar da lambar?" Ya ce eh. Ta bayyana masa cewa kariyar da ake ba mai kati ta shafi cinikin da aka yi ba da izininsa ba, shi kuwa da hannunsa ya buɗe ƙofa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin da sace katin aka yi, da maganar ta zo da sauƙi.

In ka riga ka faɗa, kada kunya ta sa ka jira. Kira lambar da ke bayan katinka yanzu, ka ce a cire sunan, a rufe katin, a ba ka sabuwar lamba, a kuma cire shi daga duk wayar da aka ɗora shi. Ka tabbatar ba a canza adireshi ko lambar wayar da ke asusunka ba. Ka ajiye saƙonninsu kaf kafin su goge.

Ƙanina har yau yana biyan bashin da bai ci ba, da kuɗin ruwa a kai. Su kuwa ko kuɗin wata na farko da suka yi alkawari ba su turo ba.