Filin golf a garin da ake sayen ruwa a jarka

Abokaina masu zuwa Dubai sarin kaya su suka fi kowa kushe filin golf ɗinmu na Kano, inda ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Da rani ya kama sai ka ji suna cewa wannan ai ba filin wasa ba ne, faƙo ne. Ni kuwa tun da likita ya sa ni tafiyar ƙasa saboda hawan jini nake buga wasa a cikinsa, kuma ban yarda da su ba. Bushewar filin ba aibi ba ce a wurina. Abin da ke damuna da shi daban ne.

Daga Disamba zuwa Afrilu ƙasar tauri take yi, ciyawa ta koma ruwan ƙasa, wani wurin ma ta ƙare ƙaf. Ƙwallo idan ta sauka ba ta tsayawa inda ta faɗi, tsalle take yi ta yi ta gangarawa, har mai ƙaramin ƙarfi irina ya ga bugunsa ya yi nisa. Amma wannan taurin shi ke hukunta mai garaje: ka sari ƙasa kafin ƙwallo, sandar ta yi tsalle, ka ji zafin har gwiwar hannu. Da hunturu kuma hazo kan ɓoye maka tutar ramin, iska ta ɗauke ƙwallon da ka ɗaga sama ta kai ta gindin darbejiya. Damina na sauka sai wurin ya zama wani fili dabam, kore shar, ƙwallo ta riƙa ɓata a cikin ciyawa. Da kaka kuwa ka shirya zaman cire ƙarangiya daga safa.

Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna. Doka ta ba ɗan wasa damar riƙe sanduna 14, amma sanin wadda za ka zaro a kan busasshiyar ƙasa ba a littafi yake ba. Akwai wani saurayi da yakan bi ni. Ina miƙa hannu ga sandar da ke ɗaga ƙwallo sama sai ya ce, "Alhaji, ajiye wannan. Ɗauki lamba bakwai ka buga ta ƙasa-ƙasa, ƙasar ce za ta kai maka ita." Haka kuwa ake yi. Yakan durƙusa a bayan ƙwallo ya karkata kai, ya nuna mini da yatsa inda za ta lanƙwasa kafin ta faɗa ramin da faɗinsa bai kai santimita 11 ba. Wata rana na ce masa, "Ɗana, kai me ya hana ka shiga gasa?" Ya ce sanda ɗaya gare shi, ita ma wani ne ya bar masa.

Masu kwatanta mu da Dubai suna mance kuɗin da ke ƙarƙashin koren da suke gani. Emirates Golf Club, wanda aka buɗe a 1988, shi ne filin golf mai ciyawa na farko a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kafin shi a kan yashi ake wasa a can, kuma har yau filin Awali na ƙasar Baharen na yashi ne. A irin waɗannan filaye, kewayen ramin yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, ana share shi kafin a buga, kuma tsofaffin 'yan wasan Arewa sun san wannan sarai. A garin Coober Pedy na Ostireliya ma ɗan wasa da guntun ciyawar roba yake yawo, ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. Dubai ta yi kore ne saboda tana tace ruwan teku, tana kuma sake tace ruwan da aka yi amfani da shi ta shayar da filaye. Mu nan fa? Akwai unguwannin da suka manta rabon da famfo ya kawo ruwa, 'yan garuwa ke tura kura cike da jarkoki tun asuba. Ban ga yadda za a haƙa rijiyoyin burtsatse a riƙa fesa wa fili mai ramuka 18 ruwa a watan Afrilu ba, alhali maƙwabta na sayen na sha. A shayar da inda ake fara bugu da kewayen rami, sauran a bar wa damina.

Inda na ga mun gaza shi ne ƙofa. Ni kaina wani memban kulob ɗin ne ya fara shigar da ni, kuma duk wanda na sani a wurin ta hannun wani ya zo. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar Kwari da ke sha'awar wasan bai san wa zai tambaya ba, bai san nawa zai biya ba, ga sanduna da tsada. Birnin Finiks da ke jihar Arizona ta Amurka hamada ce sosai, ruwan samansu na shekara bai fi kimanin milimita 200 ba, namu ya ninka shi sau uku ko fiye. Amma hukumar birnin na da filayen golf nata, irin su Encanto da Papago, inda kowa zai biya kuɗin zagaye ɗaya ya buga ba tare da zama memba ba, kuma farashi kan sauka a lokacin zafi. Tsohon filin St Andrews na Sikotland, wanda ake ɗauka mahaifar wasan, na jama'a ne, yawancin ranakun Lahadi ma ba a wasa a cikinsa, mutanen gari ke shiga su sha iska. Wannan ya kamata mu kwaikwaya, ba korensu ba.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne: a ware rana ɗaya a mako ga wanda ba memba ba, a rubuta kuɗin shiga a allo a bakin ƙofa, a tanadi sandunan haya, sannan a bar yaran jaka su riƙa buga wasa da yamma idan fili ya yi sauƙi. Kano ta cika ta batse, wurin da mutum zai yi tafiyar awa huɗu a ƙarƙashin itatuwa ba hayaƙin adaidaita sahu ya yi ƙaranci ƙwarai.

Wanda ya samu mai shigar da shi, ya je. Da bazara a fara da sassafe bayan sallar asuba, don kafin ƙarfe goma sha ɗaya rana ta fi ƙarfin mutum. A tafi da hula mai faɗi da ruwa mai yawa, a fara da ramuka 9, kuma a sallami yaron jaka da kyau, fiye da abin da aka ce maka shi ne ƙa'ida.