Amalanken keke: mai taya ɗaya ko mai taya biyu?

Malam, ka ce kana sarin kayan gwari a kasuwar Faringada da ke Jos kana kaiwa shagonka na Anguwar Rogo, wata rana kuma ka ɗauko jarkokin ruwa, kana so a ƙera maka amalanken da keke zai ja, amma ka rasa wanne za ka sa mai walda ya yi. Ni dai na fi karkata ga mai taya biyu, sai dai ɗayan ma ba a banza ake yin sa ba.

Mai taya ɗaya sawun keken yake bi sak. Duk lungun da keke ya shige zai shige, kuma idan ka kauce wa rami shi ma ya kauce. Matsalarsa ita ce tare da keken yake karkata, wato nauyin kayan a hannunka yake. Ka tsaya jiran hanya a bakin titin Bauchi, kai ne za ka tokare da ƙafa ka riƙe keke da kaya duka. Lodi kuwa sai ka jingina keken da bango, ko yaro ya riƙe maka. Ko na kamfani irin BOB Yak na Amurka, kilo 32 ne iyakarsa. Jarka ɗaya mai lita 25 ta riga ta cinye kilo 25, ta biyu ba ta da wuri. Ƙirarsa ma ba ta kowane mai walda ba ce, domin a gefe biyu na wilin baya yake kamawa, kuma in aka ɗan kuskure saiti zai riƙa yi maka rawa da zarar ka ɗauki gudu.

Mai taya biyu da ƙafarsa yake tsayawa. Ka ajiye shi, ka jera kwandon tumatir da buhun kabeji a natse, keken bai san ana yi ba sai an zo ja. Abin da za ka biya shi ne faɗi. Dole ka riƙa tuna cewa akwai taya hagu da dama a bayanka, musamman a bakin kwalbati da cikin cunkoson Keke Napep, kuma idan taya ɗaya ta hau dutse kana gudu babu kaya, yana iya kifewa.

Ga yadda zan so a yi shi. A sami wili biyu na gaba na keken yara masu inci 20, sun fi na babban keke jure bugu ta gefe, kuma suna sa gadon ya zauna ƙasa-ƙasa. Firam ɗin a yi shi da faif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, tsawo kamar santimita 90, faɗi 60. Kowane wili ya zauna tsakanin ƙarfe biyu, ciki da waje, a ɗaure shi da noti ta kowane gefe. Wanda aka liƙa ta gefe ɗaya kawai ba ya jimawa yake lanƙwashewa. Masu walda a Dilimi ba za su sha wuya da wannan ba. Katakon shimfiɗa kuma ga kasuwar Katako nan. Kada a manta da jan fentin hana tsatsa, ka san damunar Jos.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wurin haɗi. Ɗaurewa a ƙarƙashin sirdi ya fi sauƙi, amma a gangara kayan daga sama suke turo ka, har tayar baya ta nemi sakin ƙasa idan ka matse birki. Gara a lanƙwaso hannun amalanken ya zo ga notin wilin baya ta hagu, tunda sarƙa tana dama. Mahaɗin kuma lallai ya iya juyawa sama da ƙasa da gefe, ta yadda ko keken ya faɗi amalanken na tsaye. Wasu da guntun tsohuwar tayar mota mai kauri suke yi. A ƙara ɗan sarƙa ko igiya mai ƙarfi a matsayin ko-ta-kwana.

Wajen lodi, mai nauyi ya zauna ƙasa, ɗan gaba kaɗan da tayoyin, don kada hannun ya riƙa ɗaga bayan keken.

Sai maganar birki, wadda a garin nan ta fi ƙarfin firam muhimmanci. Amalanken ba shi da birkin kansa, na keken ne zai tsayar da kai da kayan, kuma robar birki a kan jiƙaƙƙen wilin ƙarfe santsi take yi. Ka sa sabbin robobi gaba da baya kafin ranar farko. Ka fara da jarka biyu a fili, ka gwada tsayawa da juyawa, sannan ka tunkari gangara. Idan an yi ruwa kuma kaya sun haura kilo 50, ka sauka ka tura har ka wuce gangaren.