Sharhi kan kundin alamomin Struts da yiwuwar amfani da su a wajensa

Kundin alamomin (tags, gajerun umarni da ake sakawa a cikin shafi) da ke zuwa tare da Struts na farko, wato tsarin gina manhajojin yanar gizo da Craig McClanahan ya miƙa wa gidauniyar Apache a shekarar 2000, ya sauƙaƙa wa masu rubuta shafukan JSP (shafukan yanar gizo da ke aiki da Java, harshen rubuta manhaja) aiki ƙwarai, domin ya hutar da su daga cusa umarnin Java a tsakiyar HTML. Sai dai wanda ya yi yunƙurin ɗaukar alamomin zuwa manhajar da ba a gina kan Struts ba, zai tarar ba dukansu ne ke yarda su bi shi ba.

Alamomin sun kasu rukuni-rukuni. Rukunin html, mai kula da fom, shi ne mafi amfani, kuma shi ne ya fi kafewa. Alamar html:form sai ta nemo bayanin aikin da aka rubuta a fayil ɗin struts-config.xml, ta gano ActionForm ɗin da ke riƙe da bayanan fom, sannan html:text ta cike gurbinta da abin da mai amfani ya rubuta a baya, ta yadda idan ya yi kuskure a gurbi ɗaya ba sai ya sake cike fom ɗin daga farko ba. Idan aka cire Struts, shafin ma ba zai buɗe ba. A ganina wannan ba aibi ba ne, tun da ƙarfin alamomin daga wannan dogaro yake fitowa, kuma Spring ma, wani tsarin gina manhajoji da Java, nata alamomin fom ta ƙirƙira.

Inda nake da ƙorafi shi ne rukunin logic da bean. Maimaita layuka da logic:iterate ko nuna ƙima da bean:write aiki ne da kowane shafi ke buƙata, babu dalilin ɗaure shi a gida ɗaya. JSTL, wato daidaitattun alamomin JSP da ba su dogara da Struts ba, da ta fito a 2002, ta tabbatar da haka da c:forEach da c:out, har masu Struts da kansu suka riƙa ba da shawarar a koma gare ta. Tiles ma, sashen tsara fasalin shafuka da aka zare daga Struts ya tsaya da ƙafarsa, masu Spring sun ci moriyarsa.

An daina kula da Struts na farko tun 2013, saboda haka wanda ya gaji tsohuwar manhaja gara ya fara musanya logic da bean da JSTL, ya bar rukunin html sai ranar da zai sauya tsarin baki ɗaya.