Dare ɗaya a cikin Silja Serenade

Wajen ƙarfe biyar na yamma muka ɗaga daga Helsinki, babban birnin Finland, a jirgin ruwan Silja Serenade mai zuwa Stokholm ta ƙasar Suwidin. Ko jakata ban gama ajiyewa ba na ga jama'a na ta tururuwa zuwa saman jirgi, sai na bi su. Ashe za mu ratsa 'yar siririyar mashigar da ke jikin ganuwar Suomenlinna ne, tsohon sansanin soja da ke kan tsibiran bakin Helsinki. Jirgi mai tsawon mita 203, amma ya wuce salin-alin, ni kuwa na riƙe ƙarfe ina jiran in ji ya gogi dutse.

Silja Serenade ba yarinya ba ce. A birnin Turku na Finland aka ƙera ta, ta fara aiki a 1990, bayan kamfanin da ya soma ginin, Wärtsilä Marine, ya karye a 1989 har kamfanin Masa-Yards ya ƙarasa. A 1993 aka mai da ita hanyar Turku zuwa Stokholm, a 1995 ta dawo layinta na Helsinki zuwa Stokholm. Tun 2006 kamfanin jiragen ruwa na Tallink ke da ita.

Abin da ya sa nake yabonta shi ne titin da aka shimfiɗa a tsakiyar cikinta, sama rufin gilashi, hagu da dama shaguna da wuraren cin abinci. Ɗakina ba ya kallon teku, wannan titin tagarsa ke kallo. Da farko na ɗauka na yi asara. Sai ga ni zaune bakin taga da kofin shayi ina kallon masu kai da kawowa, har na manta a kan ruwa nake. Ɗakin ƙarami ne, amma tsaf, ga banɗaki a ciki.

Can cikin dare muka tsaya a Mariehamn, babban garin tsibiran Åland, tsayuwar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Dalilinta kuɗi ne. Tarayyar Turai ta soke sayar da kaya ba haraji tsakanin ƙasashenta a 1999, tsibiran Åland kuwa suna wajen wannan tsarin haraji, shi ya sa jirgin ke biyawa ta can don shagonsa ya ci gaba da ciniki.

Idan za ka hau, kada barcin safe ya ɗauke ka. Tun da sassafe jirgin ke kutsawa tsakanin tsibiran Suwidin, jajayen gidajen katako kusa-kusa har kana hango kujerun ƙofar gida. Ni a can sama na tsaya cikin sanyi, ban sauko ba sai da muka doshi tashar Värtahamnen ta Stokholm, wajen ƙarfe goma.